Baba na kwance a asibiti, ga Sallah ta ƙarato: mu taru a Daura ko mu fasa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, shawara nake nema.

Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. Dama yana fama da hawan jini, sai aka wayi gari hannun dama da ƙafa sun saki, baki ya karkace. Daga Daura aka turo mu wani babban asibiti a nan Katsina, aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ba shi gado a ɗakin maza. Ta robar hanci ake ba shi kunu. Yana buɗe ido, yana bin mutum da kallo, amma magana ba ta fita.

Gidanmu ɗaki biyu ne, na Inna da na Anti. Duk Babbar Sallah kowa na komawa Daura, na Kaduna da na Abuja da mu da ke gidajen aure. Baba ya yanka ragonsa a ƙofar gida, a yi suya, yara su tafi kallon Hawan Magajiya. To bana kanmu ya rabu. Babban Yaya ya ce a taru kamar kullum, tunda ragon ma Baba ne ya saya da kansa yana kiwo. Inna ta ce ba za a soya nama ana shewa mijinta na kwance ba. 'Yan ɗakin Anti kuma sun ce a kwaso kowa har jikoki a zo a yi Sallar a asibiti. Ni ke aure a Katsina, don haka gidana ne masauki, ni ke girka abincin masu jinya. Autanmu ne ke kwana a wajensa, tunda ba a barin mata da dare. In mun taru mun ci mun sha, rashin tausayi ne? In kuma mun fasa, ba mu rushe abin da shi ya gina ba?

Wata 'yar uwa:
Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Sannunku da jinya.

Wata ma'aikaciyar jinya:
'Yar uwa, maganar kwaso jikoki a kawo asibiti ku ajiye ta gefe. Ɗakin ba na Baba kaɗai ba ne, akwai wanda ke gadon kusa da shi da bai runtsa ba jiya. Shi kansa taro gajiyar da shi yake yi, kuma a irin halin da yake ciki, murar da yaro zai shigo da ita na iya sauka masa a ƙirji.

Abin da ya fi tsorata ni da ranar Sallah shi ne mai tausayi. Sai wata gwaggo ta zo da romo a kula, ko ruwan zamzam, ta ce bari dai a ɗiga masa ya ji ɗanɗanon Sallah. Ba don ado aka sa robar nan ba. Ciwon yakan taɓa haɗiya, sai abin da aka zuba a baki ya bi ta hanyar numfashi ya faɗa huhu, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu, jinya ta koma baya. Ko cokali ɗaya kada a ba shi ta baki sai likita ya ce an gwada haɗiyar. Ku sa mutum ɗaya mai iya cewa a'a ko ga wa ya tsaya a kan wannan.

Sannan ana juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, ana duba ƙugu da diddige saboda gyambon kwanciya. Magunguna da auduga da safar hannu ku tanade su kafin hutu ya shiga. Kuma ku lura da bakinku a gefen gado. Da yawa cikin waɗanda maganarsu ta ɗauke suna fahimtar abin da ake faɗa. Lissafin kuɗi da “jikin fa ya yi tsanani” a fita waje a yi su.

Wani malami daga Ƙofar Sauri:
Baiwar Allah, a gaya wa Inna cikin ladabi cewa layya ibada ce, sunna mai ƙarfi, ba shagali ba. Wakilci ya halatta a cikinta. Babban Yaya ya je gefen gado ya ce, “Baba, in yanka maka ragonka?” In ya ɗaga kai ko ya matsa hannu, shi ke nan. Kuma a mazhabar Malikiyya kwanakin yanka uku ne, ranar Sallah da biyu bayanta, don haka ba dole sai an yi komai a safiyar farko ba. Duba mara lafiya haƙƙi ne, amma a gajarta zama. Wanda ya shiga ya karanta “As'alullahal Azim, Rabbal Arshil Azim, an yashfiyaka” ƙafa bakwai, ya ba wani wuri. In hankalinsa na tare da shi a riƙa tuna masa lokacin salla, a yi masa taimama, ya yi a kwance gwargwadon ikonsa.

Wata daga Daura:
Malam ya yi gaskiya, amma ni ina bayan Inna a rabin maganarta. Ba ragon take ƙi ba. Abin da take gudu shi ne a yi anko, a sha lalle, a cika waya da hotuna, ita tana zaune kan benci a barandar asibiti. Kun san garin namu, kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Ku taru, a yi yanka, a kai wa maƙwabta da 'yan uwa rabonsu yadda ya saba, yara su je kallon hawa don su ba ruwansu. Manya dai a rage ƙyale-ƙyale.

Wani da ya yi jinyar mahaifinsa:
Kowa na ta maganar rago, ba wanda ya tambayi autan nan. Ni na yi irin kwanan da yake yi. Tabarma ce tsakanin gado da bango, buta a gefe, sauro na cin ƙafarka. Ƙarfe biyun dare a miƙo maka takarda a ce nemo wannan allurar, ka fita kana haska fitilar waya kana neman kemis ɗin da bai rufe ba. Ka dawo ka ɗaga babba kai kaɗai ka sauya masa zani, kana kau da kai saboda kunya, shi ma yana kau da nasa. Da safe wayarka ta yi ƙara, yayanka ne daga nesa: “Ya jikin Baba? Na turo wani abu.” Kuɗin na da amfani, ban raina ba, amma ba ya juya mara lafiya.

To ga hutu ya kawo su gida. Maza su raba dare a tsakaninsu, a rubuta a takarda, wane daren Arfa, wane daren Sallah. Auta a sa shi a mota ya tafi Daura ya ci nama ya yi barci. Tafiyar ba ta wuce kamar kilomita 80 ba ta Mashi, mutum zai yi Idi a can ya karɓi jinya a nan kafin magariba. Da rana dai za a riƙa bin hanya. Ke ma Hajiya, matan yayyenki su karɓi tukunya.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, wallahi maganar auta ta taɓa ni, ya rame sosai. Matsalar ita ce Inna. Tun asuba take zuwa, ba ta tashi sai an kori masu dubiya, ga ta da ciwon suga. In ka ce ta je ta huta sai ta yi fushi. Anti kuma na ganin kamar an hana ta kusantar mijinta.

Wata dattijuwa:
Ɗiyata, kada ku ƙara ce mata ta huta, kunnenta zai ji kamar kun ce ta gaza. Ku ce mata ba wanda ya san yadda Malam ke rabon namansa sai ita, wa ake kai wa cinya, wa ake kai wa kai da ƙafa. Za ta tafi da ƙafarta. Batun abokiyar zamanta kuwa, ai gidan na da tsarin kwana tun kafin ciwo. A bi shi a asibiti, mai girki ita ke wuni. Kuma kada ɗa ya faɗa musu wannan, ku samu ƙanen Baba ko wani amininsa ya faɗa.

Wani matashi:
Jikoki kuma a kira ta bidiyo lokacin yanka, Baba ya ga ragonsa ya gan su.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara da cewa:
Ba laifi, amma a nemi izinin nas ɗin da ke aiki, a rage murya, kada kyamara ta ɗauki gadon wani. In an ga ya fara hawaye ko numfashi ya sauya, a katse.

Mai neman shawara:
Allah Ya saka da alheri. Na kira Baffa, ya ce gobe zai zo ya zauna da iyayen namu mata. Babban Yaya ya ɗauki daren Arfa, na Kaduna ya ɗauki na Sallah. Na Abuja ne har yanzu bai ce komai ba, ya dai sake turo kuɗi. Ni ƙanwarsa ce, ban san ta inda zan ɓullo masa ba.