Neman shawara: hawan dutsen Kilimanjaro, wane kamfani zan bi kuma yaya zan riƙe kuɗi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin hawan Kilimanjaro a Tanzaniya cikin watan Agusta, daga Kano zan tashi. Wani kamfani ya ce dala 1,200 kwana biyar, wani ya ce 2,300 kwana bakwai. Wanne zan ɗauka? Kuma tsabar kuɗi zan riƙe ko kati?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Ka bar na kwana biyar ɗin nan. Ƙololuwar dutsen, wadda ake kira Uhuru, mita 5,895 ce, kuma abin da ke dawo da mutane ƙasa ƙarancin iska ne: ciwon kai, amai, rashin barci. Jiki sai a hankali yake sabawa, shi ya sa hanyar Machame a kwana bakwai ko Lemosho a kwana takwas ta fi. Kuɗin da hukumar gandun dajin da dutsen ke ciki ke karɓa kaɗai, na shiga da na kwana a tanti da na ceto da haraji, ya doshi dala dubu a kwana bakwai. To duk wanda ya karya farashi, a jikin 'yan dako da abincinku zai fanshe. Ka nemi lasisinsu, ka duba ko suna cikin abokan hulɗar KPAP, ƙungiyar da ke sa ido kan haƙƙin 'yan dako. Ka tambaye su a rubuce: akwai tukunyar iskar oksijin? Suna auna iskar jinin mutum safe da yamma? Ja-gora nawa ga mutum nawa a daren hawa ƙololuwa?

Amsa ta biyu:
Ɗan uwa, kafin maganar kamfani, biza. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, sai an tura takardunsa an amince tukuna, ka nema wata biyu kafin tafiya. Katin rigakafin shawara ma dole ne. Kada ka biya kuɗin hawa duka kafin biza ta fito. Ka ba da kafin alƙalami kawai, ta asusun kamfani ba na wani mutum ba, sauran idan ka isa Moshi, garin da ke gindin dutsen.

Amsa ta uku:
Dala ka riƙe, sababbi, marasa yaga ko rubutu, domin waɗanda aka buga kafin 2009 ana yawan ƙin karɓarsu. 'Yan ɗari-ɗari sun fi daraja wajen canji. Ka canza wasu zuwa shilin a Moshi don tasi da abinci, ka ware kamar dala 250 zuwa 300 na ihsanin ja-gora da mai girki da 'yan dako, a miƙa wa kowa a gaban jama'a ranar saukowa. Katin naira kada ka dogara da shi, na asusun dala ya fi, ka sanar da banki za ka fita. Inshorarka kuma ta rubuta ƙarara cewa ta shafi hawa har mita 6,000, yawancinsu ba sa kaiwa nan.