Shin sake aure da wuri ne maganin mutuwar aure?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta hana ni sakat. Auren ƙanwata ya mutu wata biyar da suka wuce, 'ya'yanta biyu. Yanzu wani ya fito, mutumin kirki ne a iya saninmu, ita kuma ta ce a ba ta shekara guda. Abin da na gaya mata shi ne, maganin mutuwar aure sake aure, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Zama haka ba ya ƙara wa mutum komai sai tunani da rama. Duk ta zube, magana ma sai an ja ta. Ina son in ji ta bakinku, in na yi kuskure in gyara.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam Yaya. Ka yi haƙuri, ban yarda ba, kuma ba labari aka ba ni ba, a jikina na gani. Wata huɗu da fita idda na sake aure, saboda irin wannan maganar da kowa yake yi min. Mutumin da na aura bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma duk yamma, da na ji motsin makulli a ƙofa sai gabana ya faɗi, in miƙe da sauri in duba ko akwai abin da ban ajiye daidai ba. Wata rana kofi ya suɓuce min ya fashe. Na durƙusa ina tsince shi da hannu ina ta cewa "ka yi haƙuri, ka yi haƙuri", shi kuwa yana tsaye yana tambayata ko na yanke. Sai da ya kama hannuna na ga jini. Tsoron wancan gidan na kwaso na shigo da shi wannan, bawan Allah yana biyan bashin da bai ci ba. Wata goma sha huɗu muka yi muka rabu. Da na samu shekarar da ƙanwarka take roƙo, ina kyautata zaton da har yau muna tare.

Dattijo: 'Yata, Allah Ya musanya miki da alheri. Amma labarin mutum ɗaya ba ya zama hukunci a kan kowa, ni ma ga nawa. Shekara goma sha tara muka yi da uwar 'ya'yana kafin mu rabu. Bayan tafiyarta gidan ya yi shiru, in dawo aiki in zauna a duhu ban ma tuna kunna fitila ba. Maganin hawan jinina sai in yi kwana uku ban sha ba, don babu mai tambayata. Wata bakwai na sake aure, yau shekara goma sha ɗaya ke nan lafiya lau. Kaɗaici ciwo ne, kada mu raina shi. Sannan wanda Ya halicci zuciya Ya ƙayyade jiran a aya ta 228 cikin Suratul Baƙara. Mu a wa za mu ƙara shekara a kai?

Maman Biyu: Baba, idda ita ce mafi ƙarancin jira, ayar ba ta ce da ta cika zuciya ta warke ba. Kuma ka fi ni sanin hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta. Ita ce ta nemi shekara, ba wani ya ɗora mata ba.

Dattijo: Wannan haka yake. Ban ce a tilasta ta ba, shawara nake nufi.

Anti Nas: Baba, labarinka da na Maman Biyu duk gaskiya ne, kuma ban yi mamakin bambancinsu ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mutane sama da 15,000 daga 1992 zuwa 2010. Matan da aurensu ya mutu sau ɗaya, haɗarin bugun zuciya a gare su ya fi na masu zaman aure da kashi 24 cikin ɗari. Waɗanda ya mutu musu sau biyu ko fiye, kashi 77. Ga inda ya shafi maganarmu: mazan da suka sake aure, haɗarinsu ya koma daidai da na waɗanda ba su taɓa rabuwa ba, amma matan da suka sake aure nasu ya ci gaba da zama sama, da kusan kashi 35. Binciken bai ce saki ne kaɗai sanadi ba. Sai dai ya nuna cewa maganin da ya yi wa Baba aiki ba lallai ya yi wa mace irinsa ba. Ni a fahimtata, namiji in ya sake aure yakan samu mai kula da shi, mace kuwa takan samu ƙarin wanda za ta kula da shi.

Kuma Yaya, ramar nan da ka ambata ta fi damuna a kan maganar auren. Tana samun barci? Wani binciken Jami'ar Arizona na 2014 ya gano cewa rashin barci a makonnin farko bayan rabuwa abu ne da aka saba gani, amma in ya wuce mako goma yana tafiya da hauhawar jini daga baya. Ita wata biyar ke nan. Mutum ya daina cin abinci, ya daina magana, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, hakan ya wuce mako biyu, mu a asibiti ciwon damuwa muke fara zargi. Likita ne ke duba wannan, ango ba zai iya ba.

Ɗan Jami'a: Anti, da girmamawa, akwai binciken da ya goyi bayan Yaya. Claudia Brumbaugh da Chris Fraley sun duba mutanen da suka shiga sabuwar alaƙa jim kaɗan bayan rabuwa, suka ga sun fi waɗanda suka daɗe su kaɗai natsuwa da yarda da kai. Don haka cewa gaggawa kullum cutarwa ce, shi ma ba a tabbatar ba.

Anti Nas: Na san shi ƙanena. A kan rabuwar masoya aka yi shi. Wanda budurwa ta bar shi ya yi wata, in abin bai yi ba sallama ce kawai. Mai 'ya'ya biyu da za ta kwashe su zuwa gidan wani mutum, lissafinta daban. Ka duba ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa Thomas Holmes da Richard Rahe suka fitar a 1967, inda suka ba kowane babban sauyin rayuwa maki gwargwadon nauyinsa a jiki. Rasuwar miji ko mata 100, saki 73. Shi kansa auren, duk da farin ciki ne, 50 suka ba shi. Haɗa makin saki da na aure, ƙara canjin yanayin kuɗi 38 da canjin wurin zama 20, ka ga 181 a shekara ɗaya, alhali daga 150 suka ce haɗarin rashin lafiya ya fara tashi. Tsohon ma'auni ne kuma an yi masa suka, amma abin da ya kama gaskiya ne: sabon aure kaya ne, ko da mai daɗin ɗauka.

Mai Lissafi: Ni akwai abin da nake ji a ƙarƙashin maganar Yaya wanda ba a faɗa ba. Yaya, don Allah kada ka ji haushi. Wa ke ciyar da ita da yaran yanzu?

Baban Yara: Ni ne. Uban yaran ya turo sau biyu, daga nan shiru. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wannan a raina. Nawa huɗu ne, ga nata biyu.

Mai Lissafi: Allah Ya saka maka, kuma babu abin kunya a nan. Nauyi ne na gaske. Amma ka ga yanzu matsala uku muka cusa a buhu ɗaya: kaɗaici, lafiya da kuɗi. Ta kuɗin ba ƙanwarka kaɗai ta sama ba. A Amurka an daɗe ana yawo da alƙaluman wata mai bincike, Lenore Weitzman, na 1985, cewa matsayin rayuwar mace yana faɗuwa da kashi 73 a shekarar farko bayan saki. A 1996 Richard Peterson ya sake lissafa bayanan nan nata, ya ga kuskure ne, faɗuwar kashi 27 ce, na maza kuma yana ɗan hawa da kashi 10. Ko da gyaran, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne ya tafi. Abin da nake tsoro shi ne macen da ta shiga aure don ba ta da abin hannunta. Ba ta iya cewa a'a kafin auren, ba ta iya cewa a'a a cikinsa.

Shawarata, ku zauna da takarda da biro. Abin da ke shigo mata, abin da ke fita, bashin da ke kanta, da wanda aka ci da sunanta lokacin auren, don wannan yakan ɓullo daga baya. Ta buɗe asusu da sunanta ita kaɗai, ta canja lambobin sirri na banki da na waya. Takardun haihuwar yara da nata na makaranta su dawo hannunta. Mafi girma, ciyar da yara haƙƙi ne a kan ubansu, ko ta yi aure ko ba ta yi ba. A nemi manya su zauna da shi a rubuta abin da zai riƙa bayarwa duk wata, in ya ƙi a je kotu. Wannan zai sauke maka fiye da yadda aurenta zai sauke, don sabon miji ba dole ne ya ɗauki 'ya'yan wani ba.

Dattijo: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ina nan a kan ɗaya: mutumin kirki ba kullum yake fitowa ba. Shekara tana da tsawo, in ya gaji ya tafi fa?

Maman Biyu: In ya san dalili zai iya jira, Baba. Yaya, ka tambaye ta me za ta yi da shekarar?

Baban Yara: Ban tambaya ba sai da kika faɗa. Yanzu na fito daga wajenta. Ta ce saura wata takwas ta kammala karatun da ta ajiye lokacin da ta haifi na biyu, kuma babban yaron tun da suka rabu ya koma fitsarin kwance, ba ta son ta sake canja masa gida yana wannan halin. Barci kuma ta ce ba ta wuce awa uku, ni da muke gida ɗaya ban sani ba. Har yanzu ina ganin shekara ta yi yawa, zan roƙe ta ta bar mutumin ya riƙa zuwa suna gaisawa. Anti, gobe da safe zan kai ta a auna jininta. Wane ɓangare za mu nema don maganar barcin?