Yaya zan riƙa bibiyar hannayen jari na gwaji a Google Sheets?

Ɗalibin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Ina so in koyi harkar hannun jari kafin in zuba kuɗina na gaske, saboda haka na ƙaddara cewa ina da naira miliyan 1, na raba ta a rubuce tsakanin Dangote Cement, MTN Nigeria, BUA Cement da bankin Jaiz. Na ji ana cewa umarnin GOOGLEFINANCE yana jawo farashi da kansa, amma da na gwada sai ya kawo na Apple, ya ƙi kawo na kamfanonin da ke kasuwar Legas. Ina roƙon masu sani su nuna mini yadda zan tsara jadawalin, da yadda zan gane ko zaɓin da na yi ya yi kyau.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni ma da na gwada wannan umarni bai kawo mini farashin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas, ba, kuma ko a kasuwannin Amurka da yake aiki, farashin kan yi jinkirin da zai kai minti 20. Abin da nake yi shi ne, duk Juma'a bayan an tashi kasuwa, in ɗauko farashin rufewa daga jerin da NGX ke wallafawa a shafinta, in shigar da hannu. Ga mai kamfanoni huɗu, wannan ba wani aiki ba ne.

Sai dai farashi ba shi ne babban abu ba. Ka buɗe shafi biyu. Na farko ya zama littafin ciniki, inda kowane saye ko sayarwa zai samu layinsa, da kwanan wata, da sunan kamfani, da adadin hannayen jari, da farashi, da kuɗin da za a caje ka, kuma kada ka taɓa goge layin da ka riga ka rubuta, ko da daga baya ka ga kuskure ne ka saya. Shafi na biyu ya riƙa tattara lissafi daga na farko ta hanyar SUMIF, umarnin da ke tara lambobin layukan da suka cika wani sharaɗi, kamar sunan kamfani. Yawancin masu gwaji suna mantawa da kamashon dillali da kuɗaɗen SEC (hukumar da ke sa ido a kan kasuwar) da CSCS (kamfanin da ke adana hannayen jari da kammala ciniki) da harajin VAT, sai ribar ta kumbura a takarda. Haka nan idan kamfani ya raba riba, ka cire kashi 10 cikin 100 na harajin da ake zaftarewa tun kafin kuɗin ya iso hannun mai jari, sannan ka rubuta saura.

Malama Mai Lissafi:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Game da tambaya ta biyu, riba ita kaɗai ba ta nuna gwaninta, domin idan kasuwa gaba ɗaya ta tashi, wanda ya yi zaɓi ido rufe ma zai ga ƙari. Ka rubuta matsayin ma'aunin All-Share Index mai auna tafiyar kasuwar gaba ɗaya, wanda aka fara shi da maki 100 a 1984, a ranar da ka soma, ka riƙa kwatanta shi da naka. Tunda na ga ka sa Jaiz, wataƙila kana kiyaye halacci ne, to ma'aunin Lotus Islamic, mai bin kamfanonin da suka dace da shari'ar Musulunci, zai fi dacewa da kai. Idan kuma za ka riƙa ƙara kuɗin gwajin wata-wata, ka yi amfani da umarnin XIRR mai lissafa yawan ribar jari a shekara, domin yana la'akari da ranar da kowane kuɗi ya shiga. Ni har layin dala nake ƙarawa, saboda tun bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 na ga yadda jari zai ƙaru a naira alhali ya ragu a dala.

Ɗan Kantin Kwari:
Akwai manhajar gwaji ta Investopedia mai ba da dala 100,000 na bogi, amma ta kasuwar Amurka ce. Abin da jadawali ba zai nuna maka ba shi ne, a Legas farashi ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa a rana ɗaya, kuma ranar da hannun jari ya kai wannan iyaka yana faɗuwa, kana iya neman mai saye ka rasa. Don haka kada ka rubuta cewa ka sayar a irin wannan rana.

Ɗalibin Kasuwa:
Na gode ƙwarai. Na buɗe shafukan biyu, kuma da na cire kuɗaɗen caji sai na tarar ribar da nake murna da ita a BUA Cement ta ragu sosai. Malama, a XIRR ɗin, da alamar ragi zan rubuta kuɗin saye?

Malama Mai Lissafi:
Haka ne. Kuɗin saye da alamar ragi, kuɗin sayarwa da ribar da aka raba babu ita, sannan a layin ƙarshe ka sa darajar jarin gaba ɗaya da kwanan watan ranar.