Inabin teku: yadda ake ajiye shi, cin sa da noma shi

Ɗalibi a Kota Kinabalu: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wata ciyawar teku da mutanen jihar Sabah, a nan ƙasar Malesiya, ke kira latok, mai ƙananan ƙwayoyi kore shar a jere kamar nonon inabi, waɗanda ke fashewa a baki idan an tauna. Ranar Asabar na saye ta a kasuwar kifi ta bakin ruwa, na wanke ta da ruwan famfo, na rufe ta a roba na sa a firiji kamar yadda nake yi wa latas. Da gari ya waye sai na tarar ƙwayoyin duk sun motse, ruwa ya taru a gindin robar, ga ƙarni yana tashi. Ina kuskurena yake? Sannan ina so in san ko zan iya noma ta a tanki, domin ina da ɗan wuri a baranda.

Hajiya a Okinawa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kurakurai biyu ka yi a lokaci guda, kuma kusan duk baƙon da ya fara sayen ta yana yin su. A nan Japan sunanta umibudo, wato inabin teku, kuma abin da mai sayarwa zai fara gaya maka shi ne kada ka kai ta firiji. Dalili kuwa shi ne har lokacin da take cikin robarka tana da rai, kuma tsiro ne na ruwan ɗumi wanda sanyi ke kashewa. Ana barin ta a ɗaki inda babu zafin rana kai tsaye, a cikin mazubin da aka sayo ta, za ta yi kwanaki kaɗan lafiya lau. Kuskure na biyu shi ne wankin da ka yi mata tun da wuri, domin ba ta jure ruwan daɗi. Ni sai an shimfiɗa abinci nake ɗiban wadda za a ci, in ɗauraye ta sau biyu da sauri, in tsoma ta a ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci kaɗan don ta ƙara ƙarfi a baki, in tsane ta, a ci nan take.

Uwargida a Cebu: Na goyi bayan Hajiya, kuma ina ƙara da cewa kada a zuba mata miya ko ruwan khal a bar ta tana jira. A Filifin ana kiran ta lato, ana haɗa ta da tumatir da albasa da ruwan khal ko ɗan ƙaramin lemon tsaminsu mai suna kalamansi, amma sai a kan teburi ake haɗin, domin cikin 'yan mintoci tsamin ke motsar da ƙwayoyin. Ni nakan yanka attaruhu da albasa a ƙaramin kwano, in matsa lemon tsami, kowa ya ɗauki reshe ɗaya ya dangwala. Da gasasshen kifi da farar shinkafa ta fi dacewa, kuma ba ta bukatar ƙarin gishiri ko kaɗan.

Hajiya a Okinawa: Tun da an zo kan abin dangwale, wanda ke Japan ya duba bayan kwalbar ponzu, wato miyar dangwale mai ruwan lemon tsami, kafin ya saya, domin wasu ana sa musu mirin, wani ruwan girki na shinkafa wanda ke ɗauke da barasa. Lemon tsami ya wadatar.

Malami mai nazarin halittun ruwa: Ƙanena, game da noma, ga abin da ya kamata ka auna kafin ka kashe kuɗinka. Sunanta na kimiyya Caulerpa lentillifera, kuma abin mamaki a halittarta shi ne duk tsiron nan, da yaɗonsa da rassansa da ƙwayoyinsa, ƙwayar halitta ɗaya ce tal mai cibiyoyi masu yawa, ba tare da bango ya raba cikinta ba. Masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta OIST da ke ƙauyen Onna a Okinawa sun fitar da taswirar gadonta, wato jerin DNA ɗinta, a 2019. Wannan halitta ce ta sa rauni ɗaya ke shafar reshe gaba ɗaya, shi ya sa manoma ba sa kai ta kasuwa ranar da suka tsinke ta; sai sun bar ta kwanaki a tankin ruwan teku mai tsabta da ake hura wa iska, har bakin yankan ya warke.

Ba a shuka ta da iri. Ana yanko yaɗonta a dasa, kamar yadda ake yi wa dankalin Hausa. A Cebu, inda aka fara nomanta don kasuwa a shekarun 1950 bayan ta shiga tafkunan kiwon kifi ba da niyyar kowa ba, cusa yaɗon ake yi a cikin laka. A Okinawa kuwa ana shimfiɗa shi tsakanin raga biyu a nutsar a tanki, rassan su ratso ta ramukan ragar, a girbe bayan wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. Tana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, da gishiri kusan giram 30 zuwa 35 a kowace lita, wato daidai da na teku, da haske matsakaici, domin rana mai ƙarfi tana koɗar da ita. Babban abokin gabarta ruwan sama ne. Idan barandarka a buɗe take, mamakon dare ɗaya irin na Sabah zai iya tsinka gishirin tankin ya kashe maka komai.

Mai kiwon kifin ado: Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ba zan ba ka shawarar ka noma ta don ci ba. Na shekara biyu ina riƙe da ita a ƙaramin tanki, kuma abin da nake samu bai kai cikin tafin hannu ba a wata. Wata safiya na tarar rassan sun yi fari fat, ruwan ya dagule ya koma kore, domin tsiron ya saki ƙwayoyin haihuwarsa ya mutu gaba ɗaya, kuma sai da na canza rabin ruwan a ranar kafin kifayena suka dawo daidai. Idan ka dage, ka sayi na'urar auna gishiri da famfon iska, ka yi amfani da gishirin tankin kifin teku, ba na girki ba, kuma idan ruwa ya ragu saboda zafi ka cika da ruwan daɗi marar sinadarin kulorin, domin ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. Wanda ke zaune kusa da kasuwar da ake kawo ta sabuwa daga teku, a ganina sayen ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Malami mai nazarin halittun ruwa: Ina roƙon duk wanda ya gwada, kada ya zubar da ragowarta a teku ko magudanar da ke kaiwa teku, musamman a ƙasar da ba asalinta ba. Wata 'yar uwarta, Caulerpa taxifolia, an fara ganin ta a gaɓar Monako a 1984, daga nan ta mamaye wurare masu faɗi a ƙasan Bahar Rum, domin ɗan guntu kaɗan ya isa ya zama sabon tsiro. A shanya ragowar ta bushe ƙarau, sannan a sa a shara.

Uwargida a Cebu: Ga masu son aika wa dangi, akwai wadda ake jiƙawa a ruwan gishiri mai kauri a ƙulle a leda, yawanci daga yankin Nha Trang na Biyetnam. Tana daɗewa, kuma idan an jiƙa ta a ruwa na minti uku zuwa biyar sai ƙwayoyin su sake cika. A canza ruwan sau biyu saboda gishirin. Mai hawan jini ya ci kaɗan, mai ciwon maƙoƙo kuma ya tambayi likitansa saboda sinadarin aidin da ke cikin ciyayin teku.

Ɗalibi a Kota Kinabalu: Allah ya saka muku da alheri, Hajiya da Malam da sauran yayyena. Zan jinkirta maganar tanki har sai na yi wa barandar rufi. Ranar Asabar in sha Allah zan koma kasuwar da sassafe, in sayi daidai wadda zan ci a ranar, in kuma tambayi mai sayarwa ranar da aka tsinko ta.