Tafiya Bali da yara a watan Disamba: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar wanda ya taɓa kai iyalinsa tsibirin Bali na Indonesiya. Ni da mai ɗakina da yara muke son zuwa, kuma hutun Disamba kaɗai muke da shi, ga shi lokacin damina ne a can.

Ruwan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tokar dutse mai aman wuta. A Nuwamban 2017 dutsen Agung ya yi aman da ya sa aka rufe filin jirgin Denpasar, matafiya suka maƙale. Na karanta takardun inshorar tafiya har idona ya gaji, ban gane ko suna biya idan toka ce ta sa aka soke jirgi ba. Me zan tambaye su kafin in saya?

Sannan autarmu tana da asma, ko ƙurar shara ta shaƙa sai ƙirjinta ya kama ƙara. Babban kuwa, ɗan shekara 11, ya nace sai ya hau dutsen Batur, hawan da ake farawa tun cikin dare. Zai iya? Kuma wane yanki ya fi dacewa mu kama masauki saboda yarinyar?