Neman kalma: "yalwar iri" da "juriyar gado"

1/ 'Yan'uwa masu fassara shirye-shiryen noma da kiwo, ku zo mu tsayar da magana kan abin da Turawa ke kira genetic diversity, wato yawan ire-iren halayen da dabbobi ko shuke-shuke ke gada daga iyayensu. A rediyo an fi cewa "bambancin ƙwayoyin halitta". Ban gamsu da shi ba. Makiyayin da ya ji haka zai ɗauka maganar asibiti ake yi, alhali kuwa garkensa ake nufi.

2/ Ka shiga karar Maigatari ranar Alhamis, za ka ga abin da idonka. Ga Bunaji fara sol, baƙin kunne, baƙin hanci. Ga Rahaji ja mai dogayen ƙaho da dogayen ƙafafu, wadda ke cin doguwar tafiya tsakanin kiwo da mashaya ba ta sare ba. Ga Bokoloji ta ƙasar Sakkwato mai gajeren ƙaho. Ga Azawak ta yankin Tawa, tana ba da nono a inda ciyawa ke bushewa da wuri. Can Tafkin Chadi kuma akwai Kuri, ba ta da tozo, ƙahonta a kumbure, tana iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. A kudu, inda ƙudan tsando ke yaɗa sammore, Muturu da N'Dama ƙanana ne, amma suna rayuwa a wurin da Bunaji ke ramewa ta mutu.

3/ Shawarata: yalwar iri. "Iri" kowa ya san shi, manomi na ajiye irin shuka, makiyayi na zaɓen irin bijimi. "Bambanci" kuwa tsakanin abu biyu yake tsayawa, bai nuna cewa arziki ne da ke iya ƙaruwa ko ya ragu ba. Yalwa ta nuna hakan. Kishiyarta ma ta zo da sauƙi: ƙuncin iri, wato idan bijimi ɗaya ya yi ta barbarar garke shekara da shekaru har da 'ya'yansa. Fulani sun san illar wannan tun tuni, shi ya sa suke musayar bijimai.

4/ Wani malami ya kawo "yalwar jini". Na gode, Malam, amma mai sauraro zai ji kamar ana maganar yawan jini a jiki.

5/ Kalma ta biyu ita ce adaptation. Ana cewa "sabo", amma sabo abu ne da dabba ɗaya ke yi a rayuwarta. Wannan kuwa ya fi haka zurfi: fari ya zo, kamar na 1973 da na 1984, marasa ƙarfi suka faɗi, waɗanda suka tsira suka haifi masu kama da su. Haka aka yi ta yi ɗaruruwan shekaru. "Sabon gado" ba zai yiwu a rubuce ba, don za a karanta shi gadon kwanciya. Na zaɓi juriyar gado.

6/ Abin da ya sa na damu: ana ta kwaɗaita wa mutane haɗa shanunmu da Firisiyan, wato wani irin shanun Turai, don yawan madara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana gwada haɗin da Bunaji. Madara na ƙaruwa, gaskiya ne, matuƙar akwai inuwa, ruwa, dusa da magani. Amma idan aka yi haɗin barkatai ba a ware tsantsar iri ba, juriyar zafi da ƙishirwa ce za ta tafi, a daidai lokacin da zafin ke ƙaruwa. Kuri ma tana raguwa saboda cakuɗuwa da shanu masu tozo.

7/ Ga gwaji, ku karanta da ƙarfi ku ji ko ta zauna a baki: "Idan yalwar iri ta ragu, juriyar gado za ta bi ta." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mana yadda ta shiga kunnenku.