Neman shawara: likita ya ce sai dai a rage masa raɗaɗi

Maman Hauwa, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan ƙanena ne, shekararsa 7, ciwon dajin ƙashi yake fama da shi. An yi ta ba shi magani har gashinsa ya zube, yanzu kuma likita ya ce ya bazu zuwa huhu, abin da ya rage shi ne kulawar rage raɗaɗi a gida, ya rubuta masa mofin na ruwa, wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi. Uban ya ce ai wannan sallama ce, zai sayar da gonar gado ya kai shi Indiya, wani dillali ma har ya kawo lissafi. Kakarsa kuwa ta hana a ba shi mofin, wai ƙwayar 'yan shaye-shaye ce. Yaron ba ya barci, da dare cizon filo yake don kada ya tashe mu. Ku ba ni shawara.

Sista, Talata Mafara: Allah ya ba shi sauƙi. Yaya, ku fara ba shi mofin ɗin yau ɗin nan, a kan lokacin da likita ya tsara, kada ku jira sai ya yi kuka. Mofin na cikin jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana busar da ciki, don haka ku nemi a haɗa muku da maganin laushin bayan gida. Ku riƙa juya shi a shimfiɗa saboda gyambon kwanciya, ku kuma karɓi lambar da za ku kira cikin dare. Kulawar rage raɗaɗi ba sallama ba ce, reshen likitanci ne mai zaman kansa, asibitin koyarwa na Ibadan ma yana da sashensa.

Baban Sadiƙ: Ni dai da ɗana ne, ko gida zan sayar. Rai ya fi dukiya.

Malam Na Kaduna: Baban Sadiƙ, ba wanda ya ce a naɗe hannu. Amma dillali kamasho yake ci, bai ga hoton huhun ba. A tura takardun yaron ga wani likitan daji a Sakkwato ko Zariya, in da wanda zai rubuta cewa tafiyar za ta yi amfani, sai a sa gona a kasuwa. Sanin da na yi, a Ingila tun 1982 aka buɗe gidan kula da irin waɗannan yara na farko, Helen House a Okisfod, kuma akasari da gudummawar jama'a irin gidajen nan ke tafiya. Yuganda ma, talaka irinmu, ta yarje wa ƙwararrun nas-nas su rubuta mofin tun 2004. Mu a nan komai daga aljihun uba yake fita, shi ya sa 'yan kasuwa ke samun ƙofa.

Hajiya Inna: Kakar nan tsoro ne ya kama ta, kada ku yi mata gardama gaban surukai. Ku tafi da ita wurin likita ta ji da kunnenta, ko a sa limamin unguwa ya yi mata magana. Sannan ku bar 'yan uwansa su shigo su yi wasa da shi, kada a mai da ɗakin kamar gidan makoki.

Maman Hauwa: Na gode, Allah ya bar zumunci. Gobe da safe zan kai kakar tasa asibitin. Sista, in ya yi amai bayan ya sha, a sake ba shi ne ko a jira lokaci na gaba?

Sista: Kada ki ƙara da kanki, ki kira likitansa tukuna.